Na Fita Cikin Takabarka

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san ba za a amsa ba. Takardar nan ba za ta kai gare ka ba. Kai da kullum kake da direban da za ka danƙa wa saƙo, ko Parakou ne ko Gaya, yau ga shi ka tafi inda babu motar da ke lodi. Amma bakina ya cika, kuma a gidan nan yanzu babu wanda zan buɗe wa shi. Sai ka yi haƙuri ka saurara yadda ka saba, ka jingina da bango, ka lumshe ido kamar mai barci, ka bar ni in kai ƙarshe.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Yara suna lafiya. Safiya ta koma lekol, makarantar bokonsu, ta yi shiru fiye da da, amma tana cin abinci. Ummi ta daina zuwa bakin ƙofa da yamma. Inna tana nan. Tun da ta sauko daga Malanville ranar jana'izarka ba ta koma ba, ta ce ɗanta ɗaya ne, kuma ba za ta bar matarsa ta yi takaba ita kaɗai ba. Damina ta sauka, layinmu ya cika da ruwa kamar kowace shekara, an jera bulo ana tsallakawa. Mutanen tashar manyan motoci har yanzu suna zuwa gaisuwa, suna tsayawa a zaure, Inna ce ke amsa musu. Motonka, babur ɗin nan naka, yana nan inda ka saba kafe shi, tayar baya ta sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinsa wurin kwana.

Saura ni. Ni ce labarin, kuma ba mai daɗi ba ne. Na fita, Maigida. Ina cikin takabarka na sa ƙafa na bar gidan nan, na hau zem, babur ɗin haya, a bayan wani ƙato da ban taɓa gani ba, na ratsa gari da rana tsaka. Kuma fitar ba ita ce mafi nauyi a cikin abin da zan gaya maka ba.

Ka fi kowa sanin abin da ke cikin ƙirjina. Ka tuna bayan haihuwar Ummi, lokacin da ko tsakar gida ba na iya sharewa sai na zauna ina haki? Ka tuna da aka ce ƙofar zuciyata ta lalace, sai an cire an sa ta ƙarfe? Kai ka yi ta zarya ofis-ofis har Allah ya sa aka ɗauke ni aka yi aikin a ƙasar waje. Na dawo da ƙarfe yana ƙas-ƙas a ƙirjina kamar agogon hannu, ka ce ai ka huta da sayen agogo, in kana son sanin lokaci sai ka matso kusa. Na ce Allah ya shirye ka.

Tare da ƙarfen aka haɗo ni da maganin tsinka jini, har ƙarshen raina. Likitan zuciya ya yi ta bayani da Faransanci, ni ina gyaɗa kai kawai. A hanya ka fassara mini da naka salon. Ka ce jinina ya zama koko: in ya yi kauri zai daskare a kan ƙarfen ya toshe shi, in ya tsinke da yawa zai zube ta duk inda ya samu. Ka ce ido ba ya gane kaurinsa, sai an kai labo, ɗakin gwajin jini, an auna. Shi ke nan aka ɗaura mini aure na biyu, da labo.

Ni ban taɓa damuwa in san abin da suke yi da jinin ba, in dai an soka allura an cire na rabu da su. Kai ne mai bin diddigi. Ka dami Tanti Rozin, matar da ke ɗibar jinin, da tambayoyi har ta gaji ta bar ka ka leƙa ta taga. Ka dawo kana ba ni labari kamar wanda ya je Makka. Wai 'yar kwalbar nan mai shuɗin murfi sai an cika ta daidai zanen da ke jikinta, in ya gaza awon ya ɓaci. Wai sai a sa ta a inji ya yi ta juya ta har ruwan jinin ya taso sama. Sai a ɗiga wa ruwan wani abu, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya daskare, a gwada da na mai lafiya. Abin da ya fito shi ne lambar da suke kira i-en-er. Likita ya ce tawa ta zauna tsakanin biyu da rabi zuwa uku da rabi. Ka riƙe lambar nan fiye da yadda ka riƙe shekarun 'ya'yanka.

Kai ka san ranar randebu, ranar da aka sa mini in koma awo, ni sai dai in ji kana tada moto da sassafe kana cewa in yi sauri. Kai kake karɓo sakamakon da yamma, ka kira likita, ya ce a ƙara kwata ko a rage kwata, ka zauna ka raba ƙwayar da faratanka kana harhaɗe gira kamar mai awon zinariya. Likita ya ce ganye yana rage wa maganin ƙarfi, amma kada in daina ci, in dai riƙa cin gwargwado ɗaya kullum. Sai ka ɗaura yarjejeniya da mai sayar da ganyen ayoyo a bakin masallaci, dami ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ka hana ni shan kowace ƙwaya ta ciwon jiki in ba wadda likita ya rubuta ba. Ka hana ni yankan albasa in ina fushi. Na sha ce maka ka mayar da ni ƙwai, ka ce to ai ƙwan ne.

Ka ga inda abin ya fi ci mini rai? A labon nan akwai abin awon hawan jini a kan tebur, kusa da bencin da kake zama kana jirana. Sau nawa Tanti Rozin ta ɗauko shi ta ce ka miƙo hannu? Sai ka noƙe, ka ce gida ɗaya ba a yin majinyata biyu, ita ta yi dariya, ni ma in yi dariya. Ina jin kana cewa ƙeyarka ta yi nauyi, ina ganin kana matsa gefen wuya bayan sallar isha, in ce gajiyar tasha ce. Shekara da shekaru kowa idonsa a kan jinina, har ni kaina. Naka babu wanda ya tambaya. Da aka zo aka ce ka faɗi a tasha bayan azahar, kana cikin yi wa direba lissafin kaya, na ɗauka kuskuren gida aka yi. A gidan nan ni ce mai mutuwa, kowa ya sani, har maƙwabta. Ta yaya aka tsallake ni aka ɗauke ka?

Da wannan nauyin na shiga takaba. Na ce a raina, tun da ban tsinana maka komai ba kana raye, to wannan wata huɗu da kwana goman zan yi maka su cif, ba tare da ɓaraka ko ɗaya ba. Na tuɓe 'yan kunne, na ajiye kwalli da turare, na ɗaura zane ɗaya mara ado. Ko zaure ban yarda na leƙa ba. Matan Zongo suna shigowa suna fita suna yabo, wai rabon da a ga takaba irin tawa tun ta mutanen da. Inna tana jin haka tana share hawaye, tana sa mini albarka. Ba zan ɓoye maka ba, yabon nan ya yi mini daɗi, shi kaɗai ne abin da nake iya haɗiyewa.

Kada ka ɗora wa addini, kuma kada ka ɗora wa Inna. Matar liman da kanta ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, asibiti kuwa ai lalura ce babba. Na ce mata na gode, lafiyata ƙalau. Inna kuwa abin da ta sani shi ne an taɓa yi mini aiki, ina shan maganin zuciya. Ba ta san zancen kauri da tsinkewa ba. Kai ma da naka, ka ɗauke komai ka aza a kanka, ba ka taɓa zaunar da kowa ka yi masa bayani ba, don kada a ɗaga wa tsohuwa hankali.

Ranar randebu ta zo ta wuce. Ban san ta zo ba sai da wayarka ta yi ƙara. Ina sa mata caji har yanzu, kada ka tambaye ni dalili. Na ɗauko na ga an rubuta Labo. Ashe lambarka ce a wurinsu, tawa ba su ma da ita. Na riƙe wayar a hannu tana rawa, ina kallonta har ta gaji ta yi shiru. Bayan 'yan kwanaki ta sake, na kife ta a ƙarƙashin matashi.

Maganin kam ban fasa sha ba, yadda ka bar shi haka nake haɗiya kowace yamma, don wannan ma na ɗauke shi cikin biyayya. Abinci ne ya gagare ni. Kwanuka suna shigowa daga kowane gida, in buɗe in rufe, yara su ci. Mai ayoyo ta aiko a tambaya ko a ci gaba da kawowa, na ce a bar shi. Shayi kawai nake kurɓa. Da zaman wuri ɗaya ya sa gaɓoɓina suka fara ciwo, Inna ta tare mai tallan magani a ƙofar gida ta sayo mini jajayen ƙwayoyin nan, irin waɗanda ka hana. Ta miƙo mini da kofin ruwa da hannunta. Na kalle su, na gane su, na haɗiye. Washegari ma haka.

Sai jikina ya fara magana. In na yi asuwaki in tofar in ga ja. Na ce ƙarfin gogawa ne. Sai baƙin tabo ya fito a cinyata, faɗinsa kamar tafin hannu, ban bugu da komai ba. Sai wani a dantse, sai wani a haƙarƙari. Wata rana ina sujada a sallar la'asar na ɗago na ga ɗigon jini a kan darduma, haɓo ne, ya ƙi tsayawa har na jiƙe gefen mayafi. Na wanke shi a ɓoye na shanya a bayan ƙofa.

Maigida, na sani. Wannan ce maganar da na zauna rubuta maka. Kai ka karanta mini alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, har kana sa ni maimaitawa kamar 'yar makarantar allo. Na san jinina ya tsinke. Ban ce ina neman mutuwa ba, Allah ya tsare ni da wannan, ban taɓa furta shi ko a zuci ba. Amma na zuba wa abin ido. Na ce in ya zo ya zo, ai dama layina ne aka tsallake. Wani lokaci ma in na ga sabon tabo sai in ji wani irin sanyi a raina, kamar na biya wani abu.

Inna ce ta gano. Ta shigo ina sauya zane, ta ga cinyata, ta yi salati ta zauna a bakin gado. Ta ce wannan mataccen jini ne, baƙin ciki ne ya tara shi, ta ga irinsa a jikin yayarta lokacin da mijinta ya rasu, kuma ƙaho ne ya fitar da shi. Ta ce tun da ba zan fita ba, magani zai zo ya same ni har ɗaki. Wallahi da ƙauna ta faɗa, tana shafa ƙafata tana ce mini 'yar nan. Ta aika aka kira Gwaggo Lami, matar wanzamin bayan kasuwa, wadda ke yi wa mata ƙaho a gida.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma nawa ce? In ce, Inna, jinina ba ya tsayawa. Amma na yi shiru, na sunkuyar da kai kamar surukar kirki.

Da hantsi Gwaggo Lami ta iso da 'yar jakarta ta fata. An shimfiɗa tabarma a ɗakinmu, aka kawo ruwan ɗumi a ƙwarya. Na zauna na juya baya, na sauke zane zuwa ƙugu. Tana ta hira da Inna, tsadar gawayi, ruwan da ya ci gidan wance. Ta kafa ƙahon farko a kafaɗata ta zuƙa, ta toshe, ta kafa na biyu. Da ta cire don ta yi tsaga, sai na ji ta ce wa Inna ta zo ta gani, wurin ya yi baƙi ƙirin tun ba a taɓa shi da aska ba. Ta ce lallai jinin nan ya daɗe yana neman hanya. Inna ta ce alhamdulillahi da aka kira ta da wuri.

Sai na ji tana goga aska a tafin hannunta. Ka san ƙarar, siririya ce. Ta dafa wuyana da hannun hagu, yatsunta da sanyin ruwa.

Da zan so in ce maka Safiya da Ummi ne suka faɗo mini a rai. Da ya fi kyau a ji, kuma da ka fi saurin yafe mini. Amma ba na yi maka ƙarya kana raye, ba zan fara yanzu ba. Ban tuna da kowa ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Na ji ba na so. Kafin in san abin da nake yi na zame daga hannunta, na miƙe, ƙwaryar ruwan ta kife. Na ja zane na ɗaura, na fizgi mayafi, na zura takalmin da na samu a bakin ƙofa, ashe ma na Safiya ne. Inna tana kirana, tana tambaya ina za ni, ko na manta halin da nake ciki. Ban waiwaya ba.

Hasken waje ya kashe mini ido. Masu shago suka bi ni da kallo, mai ayoyo ta miƙe tsaye da dami a hannu. Na bi ta kan bulon nan ina tangaɗi, ina tunanin in na zame na fasa gwiwa shi ke nan. A bakin titi na ɗaga wa wani mai zem mai rigar ɗorawa hannu. Tun da aka yi mini aiki ban hau bayan kowa ba sai kai. Ban san inda zan sa hannuna ba, na riƙe ƙarfen baya, na ce masa ya tafi a hankali don Allah. Ya ga ina kuka, ya kauce wa kowane rami.

Ina shiga labo Tanti Rozin ta ɗago, ta fara faɗa tun daga nesa, wai ina muka shiga, ta kira har ta gaji. Tana faɗan tana leƙen bayana, tana jiran ka shigo da hular kwano a hannu ka ba ta haƙuri da wasa. Ta tambaya ko kana kafe moto ne. Sai ta dubi zanena, ta dubi kunnuwana babu komai, ta dubi fuskata. Ba Bahaushiya ba ce, amma ta daɗe da mutanen Zongo. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta zagayo ta kama ni ta zaunar. Ba wanda ya gaya mata, Maigida. Duk garin nan an yi maka gaisuwa, ita kaɗai aka manta, ita da ta fi wasu dangin ganinka.

Da na buɗe mata kafaɗata ta ga shatin ƙahon, sai ta dafe kai. Ta tambaya an tsaga? Na ce a'a. Ta sake tambaya, tana duba bayana da kanta. Ta ɗibi jinin, ta danne wurin allurar da auduga, ta ce in riƙe da ƙarfi kada in saki. Audugar ta jiƙe, ta sauya wata, ita ma ta jiƙe. Ba ta ce in dawo da yamma ba kamar yadda aka saba, ta shige ciki da kwalbar da kanta. Ta taga nake hangen ta, a tsaye gaban injin, hannu a ƙugu, tana jiran jinina ya daskare, shi kuwa ya ƙi. Ta sake awon daga farko don ta tabbata. Ta fito da takarda, lambar ta haura takwas.

Ta kira likita a gabana. Ya ce a dakatar da ƙwayar tukuna, a ɗiga mini wani magani kaɗan a baki wanda zai dawo da jinin hanya, amma kaɗan, don in aka zarce sai ya yi kauri ya kama ƙarfen. Ya ce a kwantar da ni a sa mini ido har yamma. Ya tambaya me nake ci, na ce shayi. Ya tambaya me nake sha ban da nasa, na faɗa. Sannan ya ce in dawo washegari a sake aunawa, in kuma ci gaba da dawowa a kai a kai har lambar ta zauna. Tanti Rozin ta ƙara da nata, ta ce da askar nan ta shiga bayana, da tabarmar ce za ta fara cika kafin a samo mota.

Da la'asar sakaliya suka sallame ni. Na fito bakin titi, iska tana busowa daga wajen Fidjrossè, da ƙanshin teku a cikinta. Wata mata tana suyar doya da ƙosai a gefen hanya. Maigida, yunwa ta taso mini irin wadda rabona da ita tun kana nan. Na tsaya, na saya, na zauna a kan bencinta cikin zanen takabarka, na ci da yaji, na suɗe yatsu, na ce ta ƙara. Motoci suna wucewa, 'yan lekol suna ta surutu, wani yana jayayya da mai zem. Na ji daɗi. Ka ji abin da na kasa gaya wa kowa. Ko wata biyu ba ka yi a ƙasa ba, matarka tana zaune a bakin titi da maiƙo a baki, tana jin daɗin duniya. Wace irin mace ce wannan?

Na dawo na tarar da Inna a zaure, a kan tabarma, carbi a hannu. Na shirya wa faɗa, na shirya jin cewa na kunyata ɗanta a Zongo. Na durƙusa na gaya mata komai, ƙarfen, maganin, lambar, da abin da Tanti Rozin ta ce game da askar. Ta saurara har na gama. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko na san haka lokacin da ta aika a kira Gwaggo Lami. Na ce na sani.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba fitar ce ta dame ta ba, in na ga dama in kwana a kasuwa. Ta ce ta binne ɗanta, ta ɗauka ta ga iyakar abin da Allah zai nuna mata. Ashe ina zaune ina kallonta tana saya mini guba da kuɗin goronta, tana miƙo mini da hannunta, tana kira mini mai aska, ni kuma ina sunkuyar da kai ina karɓar albarka. Ta ce da na mutu a kan tabarmar nan, da wane ido za ta kalli jikokinta, kuma me za ta ce maka in kun haɗu? Ta ce ita me ta yi mini da zan zaɓe ta ta zama ajalina? Ta tashi ta shige ɗaki.

Ban taɓa tunanin wannan ba, wallahi ko sau ɗaya. Ina can ina lissafin abin da ke tsakanina da kai, ban ga tsohuwar da na jawo cikinsa ba, ban ga Gwaggo Lami ba, wadda aka ce tun ranar ba ta sake ɗaukar jakarta ba. Na ɗauka takaba nake yi maka. Ashe kaina nake hukuntawa, kuma da hannun mahaifiyarka.

Har yau Inna ba ta yi mini magana ba, sai abin da ya zama dole. Jajayen ƙwayoyin ta zuba su a masai. Duk ranar awo ina fitowa nake tarar da ita a zaure ta riga ni shiri, ta yafa mayafi, ta riƙe 'yar jakarta. Ba ta kallona. Mu tari zem biyu, nata a bayan nawa. A labo ta zauna ta ƙura wa tagar ido har a fito da takarda, ta sa Tanti Rozin ta faɗa mata lambar da Hausa, ta maimaita a hankali. Jiya an ce huɗu da ɗan wani abu, tana sauka. Matan Zongo sun daina yabona, wasu ma sun fara magana. Takabar da na yi niyyar miƙa maka cif ta zama duk ƙofofi, kuma haka za ta ƙare.

Ban san ko Inna za ta yafe mini ba. Zan yi ta durƙusa mata har ta gaji. Kai kuwa ba ni da inda zan durƙusa maka sai a takardar nan. Ka yafe mini dariyar da na yi a labo lokacin da ya kamata in kama hannunka in miƙa. Ka yafe mini wasan da na yi da ran da ka sha wahalar tsarewa. Na ukun shi ya fi wuya, don ban ma tuba daga gare shi ba. Na sha gaya maka in ka riga ni ba zan daɗe ba, kana cewa in daina saɓo. Da gaske nake a lokacin. Amma an kawo ni har bakin hanya, na leƙa, na juyo da gudu. Ina kewarka kamar raina zai fita, Maigida, kuma duk da haka ba na son ya fita. Ina son in zauna. Ina son in tsufa, ko da babu kai.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yalwata maka shi, ya sa ka huta hutun da ban bar ka ka yi ba. Sai na zo, amma kada ka sa ido a hanya tukuna.

Ni ce matarka,
uwar su Safiya,
daga gidanka na Zongo.